Mai Agogo da Gurbi na Biyu

Yayana ya shafe shekaru bai buɗe bayan agogo ba, amma har gobe in ka shiga layinsu ka ce gidan Mai Agogo kake nema, kowa zai nuna maka. Ƙofa ce mai launin toka, ɗakin gaba kuma yana da babbar taga mai fuskantar gabas. Saboda tagar nan ya kama gidan tun yana sabon aure. Matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce taga ya aura, ita gyara aka yi masa da ita.

Ni akawu ne a wani kamfanin jigilar kaya. Aikina in duba lambar da ke jikin kwali da wadda ke jikin takarda, in tabbatar ba su saɓa ba. Ban iya gyaran komai ba, ko makunnin fitila ya lalace a gidana sai na kira wani. Amma ina da ido a kan lamba, wannan ne ya sa Yaya ya riƙa ja na cikin harkarsa ta biyu. Ta haka na ga abin da ya faru a shekarar da hannunsa ya fara rawa, ya ƙudurta sai ya haɗa wa gidansa kwamfuta ɗaya kafin hannun ya ƙi shi gaba ɗaya.

Sai dai in fara daga agogo, don daga nan komai ya taso.

Ƙarƙashin tagar nan tebur yake, an shimfiɗa masa koren ƙyalle. A kansa hantsaki ne a jere daga babba zuwa ƙarami, da sukudirebobi sirara kamar tsinken sakace, da 'yar kwalbar mai, da gilashin ido ɗaya wanda yake maƙalawa a gira. A bango agogunan mutane ne rataye, waɗanda yake gwadawa da waɗanda aka gyara ba a zo karɓa ba, kowanne yana tafiya da nasa sautin. In ka shigo sai ka ji kamar ana yayyafi a kan kwano. Masu wucewa aiki da safe sukan leƙo ta taga su saita nasu da babban da ke tsakiya, su ɗaga masa hannu. Shi ko ɗagowa ba ya yi.

Doka ɗaya ce a ɗakin: ba mai taɓa teburin, ba mai zama a kujerarsa. Anti tana share ɗakin har ƙarƙashin tebur, amma tsintsiyarta ba ta taɓa hawa sama ba. Ita ma tana da nata wurin a cikin gida, keken ɗinki da tiren duwatsun ado da take jerawa a wuyan riga ɗaya bayan ɗaya da allurar hannu. Tana zura zare tana hira, ba ta ko kallon kafar allurar. Su biyun masu ƙaramin aiki ne, bango ɗaya ne tsakaninsu, amma kowa da masarautarsa.

Yana da wata ɗabi'a. Duk agogon da ya gyara, kafin ya rufe, sai ya ɗauki tsinken ƙarfe ya yi 'yar alama a cikin murfin baya: layi biyu a tsaye, da ɗigo a tsakaninsu. Mai agogon ba zai taɓa gani ba. Na tambaye shi amfaninta, ya ce don in wani mai gyara ya buɗe wata rana, ya san wanda ya riga shi shiga.

Sai waya ta zo. Ba rana ɗaya sana'ar ta mutu ba, zarewa ta riƙa yi a hankali. Aka daina kawo gyara, sai canjin batir da maɗauri. Daga baya su ma suka ja baya. Bangon ya riƙa yin fili har ƙusoshi kawai suka rage da tabon inda kowane agogo ya zauna. Yaya bai yi ƙorafin ciniki ba, don a lokacin yara sun tasa, ɗinkin Anti kuma yana tafiya. Abin da ya ce mini kawai shi ne shirun ɗakin yana sa masa ciwon kai.

A cikin wannan zaman ne ya je neman fitilar tebur wurin wani mutum da ake kira Mai Kilo. Filinsa yana bayan layin masu walda. Yana kwasar tsofaffin kayan ofis daga bankuna da kamfanoni, ya zube su a ƙarƙashin rumfar kwano, mai so ya zaɓa a ɗora a sikeli. A cikin kayan akwai na saba. Saba ita ce babbar kwamfutar da ake ajiyewa a ɗaki mai sanyi, ba mai zama gabanta, ita ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima ba tare da an kashe ta ba. In ta tsufa a wajensu sai a kwance ta gunduwa-gunduwa. Babban allon nan kore da komai ke hawa kansa, masu harkar madabod suke ce masa, Yaya allo kawai yake cewa. A kan allon akwai gurbin da furosesa ke zama, wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba, wanda shi ne ƙwaƙwalwar injin. Allon saba sau da yawa gurbi biyu gare shi, na ƙwaƙwalwa biyu.

Cikin kowane gurbi akwai allurai dubbai, sun fi gashin kai siranta, a jere, duk sun karkata gefe ɗaya kamar ciyawar da iska ta kwantar. Masu kwance kayan ba ruwansu, a buhu suke jibga allunan, ɗaya kan ɗaya, sai alluran su lanƙwashe. Allon da alluransa suka lanƙwashe kuwa ba mai saya. Mai Kilo yakan ware su gefe, su jira masu narka ƙarfe.

Yaya ya tsuguna gaban wannan tarin, ya zaro gilashinsa daga aljihu ya maƙala. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago ya ce wannan ai gashin agogo ne, sai dai ba ya motsi. Ya bar fitilar da ya je nema, ya dawo gida da allo ɗaya a hammata.

Ya miƙe alluran tas bai ma san yadda ake gwada abin ba. Sai ya kai wa wani mai shagon tace bidiyo a bakin titi, aka dasa, ya tashi. A wurin mutumin nan ya koyi sauran: ram, wato 'yan sandunan da inji ke riƙe aikin da yake kai a cikinsu, da fanka, da akwatin wuta, da man da ake shafa wa ƙwaƙwalwa don kada ta yi zafi. Kafin a jima ya fara haɗa inji sukutum. Masu tace bidiyo da masu zanen gini da masu shagon buga takardu suka san shi, don injin saba ko ya tsufa yana ɗaukar aikin da kwamfutar kanti ba ta iyawa. A cikin murfin kowane inji kuwa, ta gefen da ba a gani, layi biyu da ɗigo.

Yadda yake aikin ma na agogo ne. Da hantsi kawai yake yi, lokacin da rana ke shigowa ta taga a kaikaice, don a wannan hasken allurar da ta kauce takan yi ƙyalli daban da 'yan uwanta. Da tsinken ɗiga wa agogo mai yake taɓa su, ya goge bakinsa ya ƙara siranta. Ya sha gaya mini cewa allura sau ɗaya take yarda a lanƙwasa ta, na biyu da ƙyar, na uku karyewa take.

Ni kuma ranar Asabar nake shiga. In za a sa ƙwaƙwalwa biyu a allo ɗaya, dole su zama tagwaye, lambar da ke bayansu ta zo ɗaya har harafin ƙarshe. Mai Kilo a tsohon bahon roba yake zuba su, duk kamarsu ɗaya, rubutun ya dushe. Sai in zauna kan kwali in riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya ina karantawa, Yaya yana can yana tonon alluna. Ban taɓa jin daɗin aikin ofis kamar yadda na ji daɗin wannan zaman ba. Ƙarar walda daga bayan katanga, warin tsohuwar roba, Mai Kilo yana kan kujerarsa mai juyawa da ya tsinta a cikin kaya, yana tsokanar duk wanda ya shigo.

"Mai Agogo da akawunsa! Yau ma kun zo tone mini bola?"

"Bolar ma ai mu ke rage maka ita," in ji Yaya.

"Akawu, tabarau har biyu a fuska, amma lamba ɗaya tun safe? A ofis ma haka kuke cinye mana lokaci."

A nan na fara lura da hannun. Yaya ya ɗaga wani allo yana duba shi a rana, sai na ga gefen allon yana kaɗawa kamar ganye. Ya yi sauri ya tallafe da ɗaya hannun. Na mai da kaina kan baho kamar ban gani ba. Ashe ba ni kaɗai na gani ba.

Asabar ɗin da ta biyo, muna shiga Mai Kilo ya tashi ya shige ɗakin ajiyarsa, ya fito da wani allo a cikin ledarsa, gurbi biyun duk a rufe da baƙin murfinsu.

"Wannan ban ɗora shi a sikeli ba, Malam. Kai na ajiye wa. Ko ƙura ba ta taɓa alluransa ba, dasawa kawai za ka yi."

Yaya bai karɓa ba. Ya dube shi, ya dubi allon.

"Tun yaushe na fara sayen mai lafiya a wurinka?"

"A'a, ai na ga... kowa yana son hutu wata rana."

"Me ka gani?"

Mai Kilo ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ban ga komai ba, Malam. Allah ya huci zuciyarka."

Yaya ya wuce shi ya tafi tarin masu jiran narkawa. Ya daɗe yana juya su kafin ya zaro ɗaya. Gurbin farko lafiya lau, na biyun kuwa wani abu mai nauyi ya faɗa masa a kusurwa, alluran wurin sun kwanta kan juna kamar an taka su. Ya ɗora a sikeli da kansa.

A hanyar komawa muka wuce masu walda. Sannan ya ce ya je wurin likita. Ba ciwon da ake warkewa ba ne, sai dai a rage masa gudu.

"Na haɗa wa mutane inji ban san iyaka ba," ya ce, "ban taɓa ajiye ɗaya a gidana ba. Agogo ma haka. Ka taɓa ganin agogo a hannuna? Wannan nawa ne. Ina so in kunna shi a ɗakin nan ya yi ta tafiya, in zuba masa hotunan jikoki da zanen ɗinkin Antinka, in ji abu yana motsi a gidan. Kuma da hannuna zan gama shi, tun yana jin maganata. Kada ka gaya mata."

Na ce to.

Tagwayen ƙwaƙwalwar sun ba mu wuya. Ɗaya na samu a bahon da wuri, ɗayar sai da sabon kaya ya zo. Kafin nan Yaya ya haɗa injin da guda ɗaya a gurbin da ke lafiya, don allon yana iya tashi a haka. Ranar da ya kunna ina nan. Fankokin saba ba a yi su don ɗakin mutane ba, da ya danna sai suka kwarma ihu gaba ɗaya. Anti ta leƙo da tef ɗin awo a wuya.

"Malam, jirgi ne zai tashi? A gaya mini in haɗa kayana."

"Zai yi shiru, ki ba shi lokaci."

"Haka aka ce mini a kanka ranar da aka kawo ni."

Injin ya yi shirun kuwa, ya koma wani gunji a hankali. Na ce wa Yaya tunda ya tashi a bar shi haka mana, ƙwaƙwalwa ɗaya ma ta ishi hotunan duk zuriyarmu. Ya nuna mini ramukan ram da ke gefen gurbi na biyu, ya ce duk waɗannan a mace suke sai an sa ta biyun.

"Ka taɓa ganin mutum ya kama gida ya kulle rabi ya zauna a rabi?"

Ya sake kwance allon ya shimfiɗa shi a kan koren ƙyalle.

Na ga yadda ya yi fama. Ya naɗe tsumma ya ɗora wuyan hannunsa a kai. Ya riƙe dama da hagu. Ya daina shan shayi kafin aiki. Wata safiyar hannun yakan lafa ya miƙe biyu ko uku, wata safiyar tsinken ya yi ta rawa a saman gurbin bai isa ya sauke shi ba, har hasken ya wuce. Na ce a kai wa masu gyaran waya, suna da madubin da ke ƙara girman abu. Ya ce su je su gyara wayoyinsu. Na ce ko in gwada. Ya ce ni da maɓallin rigata ma sai an ɗinka mini.

Akwai wata allura a can ƙarshen kusurwa. Ina tsaye ya taɓa ta, hannun ya fizge, ta wuce inda ake so ta kwanta ta ɗaya gefen. Ya ja numfashi ya dawo da ita, amma ba ta tsaya daidai ba, ta jingina da maƙwabciyarta. Sau biyu ke nan. Ya ajiye tsinken a hankali, ya cire gilashin, ya jawo wani ƙyalle ya rufe allon.

Allon ya daɗe a rufe. In na zo sai mu yi hirar duniya, ba mai kallon teburin. Mai Kilo ya aiko a tambaya ko lafiya, Yaya ya ce a ce masa lafiya.

Wata Asabar da hantsi muna zaune, Anti ta shigo da shayi a tire. Nawa kofin a cike, nasa rabi. Yaya ya leƙa kofin, da yake ransa a ɓace yake kwanakin nan, ya ce, "Wai ruwan ne ya yi tsada ko ganyen? Kullum rabin kofi."

"In na cika, rabin ai a rigarka yake ƙarewa. Ni ke wanki."

Yaya ya ajiye kofin a kan taga.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka fara zuwa asibiti kana ce mini gaisuwa za ka." Ta juyo kaina. "Shi kuma wannan mai riƙe maka sirri, fuskarsa kamar sanarwar da aka manna a bango. Akawu, kai dai kada ka taɓa yin sata."

Na kurɓi shayi ya ƙona ni.

Ta matsa kusa da tebur, ba ta taɓa ba, ta tsaya hannunta a baya tana kallon ƙyallen da ya rufe allon.

"Malam, ni zare na sani, ban san wannan ba. Amma dutsen da nake ɗinkawa bai fi ƙwayar gero ba, kuma ban taɓa soke yatsana ba. In za ka nuna mini, zan yi. In ba ka so, in koma kan kekena, dama ina da rigar mutane."

Yaya ya juya yana kallon taga. Ta ɗauki tire ta nufi ƙofa. Har ta ɗaga labule sai muka ji ƙarar kujera a kan siminti. Yaya ya miƙe, ya ja kujerar baya, ya tsaya a gefenta yana riƙe da ita kamar mai jiran baƙo.

"Wanke hannunki tukuna," ya ce. "Da sabulu."

Ranar ba ta taɓa allon ba. Wani mataccen allo ya zaro daga ƙarƙashin tebur ta koya a kansa. Gilashin ya ƙi zama a idonta, yana faɗowa tana tarewa da zani.

"Ki matse da gira, ba da kumatu ba."

"Girar tawa ba irin taka ba ce da ta saba harara."

Shi kuma ba ya ganin abin da take yi, tunda gilashin ɗaya ne. Sai na fito da wayata na buɗe kyamara, na ƙara girman hoton, na riƙe a saman gurbin. Alluran suka fito a fuskar wayar manya-manya kamar ƙusoshi. Yaya ya dubi wayar, ya dube ni, ya yi tsaki, amma ya matso.

"Ba ta sama za ki kama ta ba, daga gindi. Tura kaɗan. Kaɗan na ce. Tsaya. Kada ki taɓa kina numfashi, a tsakanin numfashi biyu ake taɓawa."

"To in mutu ke nan?"

"Ki gama wannan tukuna."

Ta karya da yawa a mataccen allon kafin hannunta ya gane nauyin abin. A cikin makon suka hau na gaske, suka jingina wayar Yaya da gwangwanaye tunda ina ofis. Da na dawo Asabar, kusurwar nan da aka taka ta miƙe, in ka karkata allon a rana ƙyallinta ɗaya da sauran. Saura guda, wadda ta jingina da maƙwabciyarta.

Anti ta zauna, ta maƙala gilashi, yanzu yana zama. Na riƙe waya. Ta kai tsinken ta ɗan shafi allurar, sai ta janye.

"Wannan ta yi laushi. An taɓa ta."

"Ni na taɓa ta. Sau biyu."

"A bar ta mana."

"In aka bar ta tana jingine da waccan, wuta za ta haɗu, allon duka ya tafi." Ya nuna mata allurar a fuskar wayar. "Taɓa ta."

Ta ja numfashi ta riƙe. A fuskar wayar na ga bakin tsinken ya shiga gindin allurar, ta fara tasowa, ta rabu da maƙwabciyarta, ta kusa tsayawa. Sai kawai ta tafi. Ba ƙara, ba komai. Wurin ya zama ɗan rami baƙi.

Anti ta cire gilashin ta ajiye, hannunta biyu a cinya. Yaya ya karɓi gilashin, ya sa ta karkata allon ta kakkaɓe guntun a kan farar takarda, ya tabbatar ya fita. Ya daɗe yana kallon ramin.

"A cikinsu akwai waɗanda aikinsu ɗaya da na kusa da su," ya ce. "In ɗaya ta tafi, sauran su ɗauke mata. Akwai kuma waɗanda ba su da madadi. Ban san wacce ce wannan ba. Sai an kunna."

Ita ta dasa ƙwaƙwalwar ta biyu yana gaya mata inda kusurwa mai alama za ta fuskanta. Ita ta shafa man, ta ɗaure abin sanyaya, ta jera ram har ramukan da ke mace. Ni na riƙe murfi da sukurori. Da aka gama ya sa babban yatsansa, wanda bai cika rawa ba, ya danna.

Fankoki suka kwarma ihu. Sikirin da aka jona wa injin baƙi.

Injin saba ba ya gaggawar nuna fuska, sai ya gama duba duk abin da ke jikinsa tukuna. Na san haka, Yaya ya fi ni sani. Amma wannan karon jiran ya wuce wanda muka saba. Ihun bai sauka ba, sikirin bai motsa ba. Yaya ya dafa bayan kujera, kujerar tana kaɗawa da hannunsa.

"Na kashe maka shi," in ji Anti. Ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Da na sani na tsaya a kan kekena."

"Zauna."

"Malam, ai ka ga..."

Injin ya yi ƙara ɗaya, siririya. Fankokin suka sauke murya. Farin rubutu ya fara gangarowa a sikirin.

"Akawu," in ji Yaya, "karanta."

Na gyara tabarau na matsa. Na karanta lambar ƙwaƙwalwa ta farko har harafin ƙarshe. A ƙarƙashinta akwai layi na biyu, na karanta shi ma. Ba su saɓa ba. Ram ɗin ma duk ya gani.

Anti ta koma ta zauna a kujerar daɓas, ta ce ita dai a ba ta ruwa.

Kafin a rufe murfin, Yaya ya jawo shi ya kifa a kan tebur, ya ɗauki tsinken ƙarfensa na alama. Ya ja layin farko, ya fito a karkace kamar sawun tsutsa. Ya ja na biyu, ya fi na farkon muni. Ya kai tsinken tsakaninsu zai yi ɗigon, bakin yana ta tsalle, ya kasa sauka wuri ɗaya. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya juya tsinken ya miƙa mata ta wajen mariƙi.

"A tsakiya," ya ce.

Ta ɗiga.

Bai ƙara sayen allo ba daga ranar. Filin Mai Kilo ma yanzu an gina shaguna a wurin, ban san inda ya koma da sikelinsa ba. Asabar ɗina ta koma ta zaman hira kawai. Nakan je da hantsi in tarar da Yaya a gefen taga da rabin kofinsa, injin yana gunji a ƙarƙashin tebur. Ya sa an juya sikirin yana fuskantar titi, da agogo babba a kansa mai manyan lambobi. Yawancin masu wucewa kansu a sunkuye yake kan waya. Jefi-jefi wani dattijo yakan tsaya ya leƙo ya dubi hannunsa, yanzu kuwa Yaya yana ɗagowa ya amsa gaisuwa.

Koren ƙyallen yana nan, hantsakin suna jere yadda suke. Sai dai a gefen dama, inda hasken ya fi kyau, tiren duwatsun Anti ne a ajiye, kuma ita ke kan kujerar.